Kulɓa Na Ɓarna: Wasan Da Ya Tambayi Wa Ya Kamata A Zarga

A 1979 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da wani ɗan siririn littafin wasan kwaikwayo na Umaru Ɗanjuma Katsina, mutumin da masu kallon wasannin talabijin suka fi sani da Kasagi. Sunan littafin rabin karin magana ne, marubucin ya bar wa mai karatu ya ƙarasa da kansa: kulɓa na ɓarna, ana cewa jaɓa ce.

Yaran da suka tashi a gidajen siminti da tayil, ko a dogayen benayen Doha, wataƙila ba su taɓa ganin ko ɗaya daga cikin halittun nan biyu ba, don haka bari a yi musu bayani. Kulɓa 'yar uwar ƙadangare ce, jikinta sumul yana sheƙi, ba ta da ƙara, kafin ka waiga ta sulale ƙarƙashin randa. Jaɓa kuwa baiwar Allah komai nata a fili yake. Ga dogon baki, ga wari mai cika ɗaki, ga tsuwa da take yi cikin dare tana bin gindin bango. Abincinta ƙwari ne, kyankyasai da gyare, wato ma aiki take yi wa mai gida. Amma idan gari ya waye aka tarar an taɓa tuwon da aka rufe, ba wanda zai tuna da mai sulɓin jiki. Wadda aka ji warinta ita za a bi da tsintsiya.

Duk abin da wasan ya ƙunsa yana cikin wannan hoton.

Labarin a taƙaice

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Zulai yarinya ce 'yar makaranta. Alhaji Ruwan Ido mai kuɗi ne, kuma sunansa ya riga ya faɗi halinsa: duk abin da idonsa ya gani ransa ya biya, wanda ya samu kuma ba ya isarsa. Ya ɗora ido a kan Zulai, ya shiga yi mata ɓarin kuɗi da kyaututtuka da daɗin baki, har ta juya wa mai sonta tsakani da Allah baya saboda aljihunsa bai kai ba. Da Alhaji ya sami abin da yake nema sai ya zame, ya bar yarinya da abin kunya, ga karatu ya lalace, ga bakin duniya.

Kowa ya san irin maganar da ke biyo bayan wannan a zaure da bakin rijiya. Dama mun faɗa, boko ke lalata 'ya'ya mata. Ita ma da kwaɗayinta. Uwarta ce ba ta sa ido ba. A duk jerin waɗanda za a lissafa, sunan mutum ɗaya ne ba a cika ambata ba, in ma an ambata to da murya ƙasa-ƙasa, domin shi ne ya ba da buhunan siminti lokacin gyaran masallacin unguwa, kuma gobe ana da bukatar a je gaishe shi.

Wasan ya karɓu sosai, an karanta shi a makarantu, an kuma kwaikwaye shi. A farkon shekarun 1990 Hukumar Fina-finai ta Nijeriya da ke Jos ta mai da shi fim, Brendan Shehu ya ba da umarni. Wannan ya faru ne a daidai lokacin da harkar fim ɗin bidiyo ta Kano take rarrafe, ba ta ko sami sunan Kannywood ba.

Zamanin da ya haifi Alhaji Ruwan Ido

Ba za a fahimci zafin wasan ba sai an tuna yadda Nijeriya take a shekarun 1970. Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo bayan 1973, kuɗi suka malalo. A 1975 ma'aikata suka karɓi ariyas na Udoji, kasuwa ta rikice, mai keke ya koma babur, mai babur ya fara taya mota. A shekarar ce kuma kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna. Sai ga wani sabon rukunin mutane ya bayyana, 'yan kwangila, waɗanda arzikinsu bai bi ta gona ko fatauci ko gadon gidan sarauta ba. Takarda ɗaya daga ma'aikata ta isa ta mai da mutum Alhaji cikin shekara guda. Kuɗin sun zo da sauri, tarbiyyar riƙe su ba ta zo tare da su ba.

A gefe guda kuma, a watan Satumba na 1976 gwamnatin soja ta Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yaran da suka fito sun zarce adadin da aka yi tanadi, aka rasa azuzuwa da malamai. A Arewa, iyaye da yawa sun ba da 'ya'yansu mata ne ba da son ransu ba, wasu ma ɓoye su suka yi ko suka gaggauta aurar da su. Ba wai ilimin mata baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta kafa tsarin 'yan taru da jajjis masu bin ƙauyuka suna karantar da mata. Makarantun 'yan mata na boko ma tun 1930 aka fara su a Kano da Katsina, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Abin da ya zama sabo shi ne yawan: 'yan mata dubbai, waɗanda a da shekarunsu na ɗakin miji ne, yanzu suna tafe a titi da yunifom, ko suna makarantar kwana nesa da idon iyaye.

Haɗa waɗannan biyu wuri ɗaya, namiji mai sabon kuɗi da yarinya mai sabon 'yanci amma aljihu wayam, ka sami wasan Umaru Ɗanjuma. Abin da ya lura da shi, wanda mutane da yawa ba su so gani ba, shi ne cewa duka biyun zamani ne ya kawo su, amma ɗaya kawai ake tsinewa. Ba a taɓa jin an ce a daina ba da kwangila domin tana lalata magidanta ba.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen

Wasan da ke tsokanar al'umma tsohon abu ne a wurin Bahaushe. Yara masu tashe a watan azumi suna kwaikwayon tsoho mai gemu da boka mai ƙarya da zaman aure, mutane na dariya suna ba da hatsi. 'Yan kama sukan ari rigar malamai su yi wa'azi a kan tuwo da miya. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsa, abin da ba mai iya faɗa masa da baki sai a nuna masa a wasa. Rubutaccen wasa ya zo daga baya: Six Hausa Plays na R. M. East, sai wasannin da Malam Aminu Kano ya riƙa shiryawa tun yana ɗalibi, sai Wasan Marafa na Abubakar Tunau, sai Shu'aibu Maƙarfi da Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai Uwar Gulma na Muhammad Sada a 1968.

In aka jera su, za a ga inda Kulɓa Na Ɓarna ya bambanta. A Jatau Na Kyallu, attajiri ne ya auro karuwa ta rusa masa gida da dukiya. Wato mace ce masifar, namiji kuskurensa kawai rashin jin shawara. Uwar Gulma ya matsa gaba, ya nuna Hayatu, miji mashayi mai wulaƙanta matarsa Halima, amma laifin Hayatu a fili yake, ba mai kare shi. Shi Alhaji Ruwan Ido ba ɗan iskan gari ba ne. Mutum ne mai babbar riga da hula da turare, wanda ake tashi a ba shi wuri. Ɗora laifi a kan irin wannan mutum a 1979, a kuma wanke makarantar boko da kowa ke jifa, ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne.

Sai dai akwai yadda ake karanta wasan har a kashe masa kaifi. Tambayi ɗalibai da yawa mene ne jigonsa, za su ce illar kwaɗayi, su kawo maka kwaɗayi mabuɗin wahala. Ba ƙarya suka yi ba, Zulai ta yi kwaɗayi, kuma wasan bai ɓoye hakan ba. Amma wanda ya tsaya a nan ya sake ɗaukar tsintsiya ya bi jaɓa ke nan, a cikin littafin da aka rubuta don a hana shi. Kwaɗayin yarinyar da ba ta mallaki kuɗin sabulu ba, da ruwan idon dattijon da ya isa ya haife ta ya kuma san sarai abin da yake yi, ba a auna su da mudu ɗaya.

Motar da ke gindin dalbejiya

Duk wanda ya zauna kusa da makarantar 'yan mata ko kwalejin ilimi a garuruwanmu ya san wannan hoton. Da la'asar mota mai baƙin gilashi za ta faka can nesa kaɗan da ƙofa, a inuwar dalbejiya. Mai motar ba ya fitowa. Direba ko wani yaron aike ne zai taka da leda a hannu, ya tsaya wurin maigadi su gaisa, hannu ya haɗu da hannu. In an tambaya, ƙanin babanta ne ya zo wucewa. Maigadi ya san ba ƙanin babanta ba ne. Mai shayin da ke tsallaken titi ya sani, har lambar motar ya haddace. Ranar da magana ta fito, yarinyar za a kora, maigadi zai ce bai ga komai ba, motar kuma ta koma wata makarantar.

Yau motar ma ba ta bukatar zuwa. Wayar hannu ta ɗauke wa direba aiki: saƙo ta WhatsApp, katin waya, alat na banki da tsakar dare. Saboda haka jaɓa ta sami sababbin sunaye. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a a Kano, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, da hujjar suna lalata 'yan mata. A 2016 aka janye shirin gina alƙaryar fim a jihar bayan an yi ta suka. Yanzu kuma TikTok ake yayi. Ba ina cewa waɗannan abubuwa ba su da aibi ba, wasu littattafan da wasu bidiyoyin ba su da kan gado ko kaɗan. Amma littafi bai taɓa kama ɗakin otal ba, waya kuma ba ta tura wa kanta kuɗi. Akwai mutum a ɗaya ƙarshen, kuma sau da yawa yana cikin sahun gaba na masu kukan lalacewar tarbiyya.

Wani lokaci ma Alhajin yana cikin makarantar. A watan Oktoba na 2019 sashen binciken BBC Africa Eye ya fitar da rahoton sirri kan malaman jami'a a Legas da Accra masu neman ɗalibai mata da maki. Abin da aka gani ya girgiza mutane, amma bai ba ɗalibai mata mamaki ba, ko a Kudu ko a Arewa. Maki ya maye gurbin leda, shi ke nan.

Akwai kuma nau'in da ya fi kowane muni, wanda marubucin bai yi mafarkinsa ba. An sace 'yan mata 276 a Chibok a watan Afrilu na 2014, aka kwashi 110 a Dapchi a 2018, sannan 279 a Jangebe ta jihar Zamfara a 2021. Bayan kowane hari matakin farko shi ne rufe makarantu, musamman na kwana. Ba mai ganin laifin gwamnan da ya rufe makaranta don tsare rai, ko uban da ya ce 'yarsa ba za ta koma ba. Amma a duba sakamakon: ɗan bindiga ya yi ɓarna, hukunci ya faɗa kan aji da allo. A 2022 asusun UNICEF ya ce yara kimanin miliyan 18.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, kashi 60 cikin 100 mata ne, kuma ba sai an faɗa wa kowa yankin da ya fi yawa a cikinsu ba.

Abin da ake gani daga Doha

Bahaushen da ke zaune a Doha, ɗalibi ne ko ma'aikaci, yana da damar kallon wannan muhawara daga wata taga dabam. Katar ƙasar Musulmi ce mai riƙo da al'ada, kuma ita ma ta sha gardamar karatun 'ya mace. A 1938 wata malama mai suna Amina Mahmud Al-Jaida ta fara karantar da yara mata a gidanta a Doha. Makarantar 'yan mata ta gwamnati ba ta samu ba sai a tsakiyar shekarun 1950, wato Katsina da Kano sun riga ta da kusan shekara 25. Iyalai da dama sun yi ɗari-ɗari da farko, tsoronsu kuwa irin namu ne.

Amma da aka buɗe Kwalejin Ilimi a 1973, wadda ta zama Jami'ar Katar a 1977, rukunin farko na ɗalibai mata 93 ne, maza 57. Har yau mata ne suka fi rinjaye a jami'ar nesa ba kusa ba. Yadda aka yi kuwa ba wani sihiri ba ne. An ɗauki tsoron iyaye da muhimmanci, aka ware sashen mata da na maza, aka tanadi motocin kai da komowa, aka tsare ƙofa. An toshe hanyar da ɓarna ke bi, aka bar makarantar a buɗe. A 2012 Sheikha Moza bint Nasser ta kafa gidauniyar Education Above All mai tallafa wa yaran da ba sa makaranta a ƙasashe da dama, kuma Katar ce ta gabatar da ƙudurin da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da shi a 2020, aka ware 9 ga Satumba ta zama ranar kare ilimi daga hare-hare.

Kada a ɗauka ina cewa a kwafo Doha a kai Funtuwa. 'Yan asalin Katar gaba ɗayansu ba su kai mutanen wasu ƙananan hukumomin birnin Kano ba, ga kuɗin iskar gas da ba a san iyakarsa ba. Ita ma tana da nata ƙorafe-ƙorafen, ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto a 2021 kan yadda izinin waliyyi ke takure mata a harkar tafiya da aure da wasu ayyuka. Darasin da za a ɗauka ƙarami ne amma mai nauyi: al'ummar da ke kishin addini da mutunci tana iya cika jami'a da 'ya'ya mata ba tare da sama ta faɗo ba. Ko a maƙwabta an gwada irin wannan tunanin. Mohamed Bazoum, da ya hau mulkin Nijar a 2021, ya mai da gina ɗakunan kwanan ɗalibai mata babban alƙawarinsa, domin ya gane cewa uba a ƙauyen Maraɗi ba karatun yake tsoro ba, gidan da 'yarsa za ta sauka a birni yake tsoro, da hanyar da za ta bi kullum.

Ƙasashen Larabawa sun shigo labarin ta wata ƙofar kuma. Alhaji Ruwan Ido na wannan zamani wani lokaci eja ne mai alƙawarin biza da aikin gida a Gabas ta Tsakiya. Yana nuna hotunan dogayen gine-gine, yana lissafa albashi da riyal, uwa da 'ya suna sauraro. A Katar doka ta sa mafi ƙarancin albashi riyal 1,000 a wata tun daga Maris na 2021, da ƙarin 500 na masauki da 300 na abinci in mai aiki bai tanada ba, kuma akwai dokar masu aikin gida tun 2017. Yarinyar da aka fitar ta bayan fage ba ta san da wannan ba, ba ta ga takardar yarjejeniya ba, bashin tikiti na wuyanta. In ta dawo a wulaƙance, mutanen unguwa za su ce ita ta so abin duniya. Ejan yana nan a ofishinsa yana cike wa wata fom. Hukumar NAPTIP, da aka kafa a 2003, don irinsa aka yi ta, amma sau da yawa sai an kai ƙara take motsi, kuma kai ƙara na nufin tona abin da iyali suka fi so a binne.

A nan matsalar take. Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai Dokar 'Yancin Yara ta 2003, wadda jihohin Arewa suka daɗe suna jan ƙafa a kanta kafin Katsina da Kano da sauransu su yi nasu nau'in. Akwai dokar hana cin zarafi ta 2015. Shari'ar Musulunci kuwa ba ta taɓa cewa zunubin ya rataya a wuyan mace ita kaɗai ba. Abin da ke kare Alhaji shi ne rufin asiri, ɗabi'a mai kyau da aka juya ta koma garkuwar mai laifi. Za a taru a zaure, manya su sa baki, a ce a yi haƙuri a bar wa Allah, wataƙila a miƙa ambulan. Asirin da aka rufa nasa ne, domin nata ciki ya riga ya tona.

Inda wasan ya tsufa, da inda bai tsufa ba

Gaskiya ne wasan ɗan zamaninsa ne. Kamar yawancin wasannin Hausa na lokacin, wa'azinsa a fili yake, taurarinsa kuma hali ɗaya kowanne yake ɗauke da shi daga farko har ƙarshe. Mai kallon da ya saba da dogayen shirye-shiryen YouTube zai ga abubuwa suna faruwa da sauri, zuciyar Zulai ba a buɗe ta sosai ba. Da marubuciya mace ce ta ɗauki labarin, irin su Balaraba Ramat Yakubu ko Bilkisu Funtuwa da suka fito bayan haka, da mun ji ƙarin abin da ke kai yarinya ga karɓar ledar: kunyar sa tufafi ɗaya kullum a gaban ƙawaye, uwar da ta ga sabon zane ta kau da kai ba ta tambaya ba, uban da rabonsa da ba da kuɗin makaranta tun zangon farko.

Amma wannan sauƙin nasa shi ya sa yake da daɗin ɗorawa a dandali. Tabarma, kujeru biyu, babbar riga ɗaya da makullin mota da za a riƙa kaɗawa sun wadatar. Ƙungiyar ɗalibai a Zariya ko taron Hausawa mazauna Doha ranar Juma'a da yamma duk za su iya. Kuskuren da aka saba yi shi ne a tara 'yan mata zalla a zauren makaranta su kalla, a ce su ɗauki darasi. Su sun riga sun san Alhaji Ruwan Ido, wasu da lambar wayarsa. Kujerun gaba na iyaye maza ne da 'yan kwamitin makaranta da masu unguwanni da limamai, kuma a sa wanda zai fito a Alhaji ya yi shiga irin tasu sak, har da carbi.